Wata Ukun Kawu Ubbo

Rotterdam, 9 ga Agusta, 1994

Ƙanwata Theda,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da Inna Gesine. Yaya gwiwar tata? Ki ce mata Onno ɗan Ubbo, kukun jirgin ruwa, yana gaishe ta, kuma har yau ban iya miyar wake irin tata ba. Ni lafiyata ƙalau, ban da ƙunar mai a hannun hagu, ita ma ta kusa warkewa.

Na san kina ganin rubutuna za ki ce, "To, yau kuma me ya ƙone?" Kin yi gaskiya. Rabon da in rubuta miki tun katin Kirsimeti na bara waccan, ga shi kuma na zo da buƙata a hannu. Kakarki da kakata ciki ɗaya suka fito, yau albarkacin wannan zan ci.

Maganar Baba ce. A watan jiya, lokacin zafin nan, karnuka uku suka mutu a ƙauye cikin mako guda, dukansu bayan an fita yawo da su a gindin ganuwar teku inda Baba yake kiwon tumakinsa. Ɗaya na Reemts ne, mutumin da ya gina sabon gida kusa da injin zuƙar ruwa. Bayan kwana huɗu aka wayi gari kowane akwatin wasiƙa da takarda a ciki: hoton karen, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa Ubbo Poppinga ne yake zuba guba don kada karnuka su dami tumakinsa. Har a ƙofar coci an manna. Ran ɗaya ga watan nan, matar mai gidan burodi ta gaya wa Baba da idonta ta ga Reemts yana rabawa. Baba ya tare shi a hanya, shi kuwa ko kunya, ya ce, "Ni na rubuta, tsoho. Sai me?"

Washegari Baba ya sa rigar coci ya tafi wurin 'yan sanda ya faɗi komai. An ce masa maganar za ta je ofishin masu gabatar da ƙara a birni, wato ofishinku.

Theda, kin san shi. Bai iya roƙo ba, bai iya takarda ba. Da na je sallama na same shi zaune a kicin da hula a ka. Na ce ya ci abinci, ya ce, "Shekara arba'in da ɗaya ina kan ganuwar nan. Ba na son a ɗaure shi, ba na son kome nasa. Alƙali ya buɗe baki a gaban mutane ya ce ƙarya aka yi mini, shi ke nan." Tun mutuwar Mama ban ga fuskarsa haka ba.

Jibi za mu tashi zuwa Brazil, daga nan Afirka ta Kudu, ba zan ga gida ba sai ƙarshen Nuwamba. Ina jin nauyin barinsa, amma na riga na sa hannu a aikin. Don Allah ki sa ido. Ban ce ki yi wani abin da bai dace ba, kawai kada maganar ta nutse a cikin tulin takardunku. Idan za ki rubuto, ki aika ta hannun wakilin kamfani, shi ke tura mana wasiƙu tashar da za mu tsaya.

Yayanki,
Onno

30 ga Agusta, 1994

Yaya Onno,

Na sami wasiƙarka, na gode. Muna lafiya. Inna tana amsawa, ta ce gwiwa sai haƙuri, miyar wake kuwa ba za ka taɓa iyawa ba muddin kana tsoron gishiri. Allah ya ƙara sauƙin hannun.

Abin da ya sami Kawu Ubbo bai yi mini daɗi ba. Amma daga rubutunka na gane kana tsammani ofishinmu ɗaki guda ne da wani mai baƙar riga a ciki yana buga tebur, ni kuma ina gefensa ina raɗa masa a kunne. Bari in warware maka.

Masu gabatar da ƙara goma sha ɗaya gare mu. Babbansu yana hawa na uku, ni ba na ganinsa sai a walimar ƙarshen shekara. Ƙarƙashinsa akwai shugabannin sashe biyu. Akwai mai kula da laifin hanya, akwai mai kula da na yara matasa, sauran kuwa an raba musu aiki ne da harafin farko na sunan wanda ake tuhuma. Ba wanda yake zaɓen ƙarar da zai riƙe, kuma ba wanda ake zaɓa masa. Da gangan aka yi haka, don kada wani ya zo ya ce a ba wane abokinsa.

Kowace safiya motar 'yan sanda takan sauke akwatuna. A ƙasa ake ba kowace magana lamba, a sa ta a jan fayil. Tsoho Focko, masinjanmu, ya loda a kurarsa mai kukan taya, ya zaga sau biyu a rana. Mai gabatar da ƙara ya karanta, ya rubuta umarni a takardar ƙarshe, ɗaya, biyu, uku: a rubuta wa wane, a tambayi 'yan sanda kaza, a dawo mini da shi ran kaza. Daga nan fayil ya sauko wurinmu, mu magatakarda. Shi ne kai, mu ne hannu. Mu buga wasiƙu, mu aika, mu ajiye fayil a kantar da ke da lambar ranar dawowarsa, daga ɗaya zuwa talatin da ɗaya. Ranar ta zo, mu ɗauko mu mayar masa. Fayil ɗin da ba a shigar masa da rana ba kamar tunkiyar da ba a ƙirga ba ne, ba mai cigiyarta. Wanda yake tsare a kurkuku nasa ke gaba da na kowa. Kuma cikin goma da ƙyar biyu suke ganin alƙali, sauran a nan suke ƙarewa.

Ni ina ɗakin P zuwa R, tare da Lauya Kröger, yaro ne sabo amma ba ya wasa. Ɗakin da ke kusa na Birgit ne. Idan ɗayarmu ba ta nan, ɗayar ke riƙe mata.

Na yi maka dogon bayanin nan ne don ka fahimci abu biyu. Ranar da na kama aiki na ɗaga hannu na yi rantsuwa cewa abin da na gani a fayil ba zai fita bakina ba. Shekara goma sha huɗu ke nan, ko Inna ba ta taɓa jin suna ɗaya daga gare ni ba, kuma ka san yadda ta iya tambaya. Na biyu, ana koya mana cewa maganar dangi ba a riƙe ta kamar ta kowa. Saboda haka ba zan ce maka ya zo ba, ba zan ce bai zo ba. Abin da zan iya faɗa kawai shi ne, idan abin da ya shafi namu ya biyo ta teburina, na san abin da zan yi da shi, kuma a ranar nake yi.

Ka kula da kanka a teku.

Theda

Santos, 22 ga Satumba, 1994

Gimbiyar takardu,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Ki ce mata na ƙara gishirin, injiniyanmu ya ce yanzu miyar ta zama ruwan teku. Lafiya muke, sai zafi da sauro.

Wasiƙarki ta riske ni jiya. Shafi biyu a kan kurar Focko da kantoci, layi biyu a kan Baba! Amma ni ba yaro ba ne. Reemts da R yake farawa, ke kuma kina ɗakin R. "Na san abin da zan yi, a ranar nake yi." Na karanta sau uku, na ninke na sa a aljihu, na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Ba sai kin ƙara ba, na gane bakinki a ɗaure yake.

Yau na samu na kira gida, minti huɗu, rabi duk ƙarar waya. Na ce wa Baba ya kwantar da hankalinsa, maganar tana hannun Theda. Na ce kada ya sake zuwa wurin 'yan sanda, kada ya je wurin lauya, kada ya taɓa kome, don kada ya jagula miki aiki. Kin san shi da takardar gwamnati, sai ya cike inda ba a ce a cike ba. Ya ce, "To, tunda 'yar Gesine ce." Ya ce ya gan ki a bikin baftismar jikar ɗan'uwanmu Harm, kun zauna tebur ɗaya, kin zuba masa dankali sau biyu amma ba ki ce uffan ba. Ya ce shi ma bai tambaya ba, don ya san shirun aiki ne. Har yabonki ya yi, shi da bai taɓa yabon ko ragon da ya ci kyauta ba.

Abin dai bai yi sauƙi ba a can. Ƙungiyar jifan ƙwallo a hanya, wadda yake cikinta tun kafin a haife ni, sun ce ya ɗan huta bana "har ƙura ta lafa". Mata biyu da ke sayen ulu wurinsa sun daina. Wani ya rubuta masa a ƙofar garke, bai gaya mini me aka rubuta ba, ya ce dai ya shafe da fenti. Maganar kowa a ƙauye ita ce ruwa ba ya tsami banza. Ya ce yana jurewa ne saboda ranar kotu, ya ma kai kwat ɗinsa an wanke.

Ni kam na ci bashin zumunci a wurinki wanda ban san da me zan rama ba. Daga nan sai Durban.

Onno

17 ga Oktoba, 1994

Yaya Onno,

Muna lafiya, ina fata kai ma haka. Wasiƙarka ta Santos sai ran Juma'a ta iso.

Ba ka fahimce ni ba. Ban ce maganar tana hannuna ba. Ba ta hannuna, kuma ba ni nake kula da ita ba. Don Allah da ka sami wannan ka kira Kawu ka janye abin da ka gaya masa. Duk wasiƙar da ta zo masa daga ofishinmu ya buɗe ta a ranar, ya karanta har ƙasa, ya yi abin da aka ce. Idan bai gane ba ya kai wa fasto ko wani ya karanta masa. Akwai abubuwan da doka ta yanka musu lokaci, idan ya wuce ba mai iya dawo da shi, ko babbanmu na hawa na uku.

Ba zan iya faɗin fiye da haka ba. Ka kira shi, kada ka jira.

Theda

Ƙauye, 3 ga Disamba, 1994

Theda,

Ina fata kuna lafiya. Na iso gida shekaranjiya.

Wasiƙarki ta goma sha bakwai ga Oktoba ba ta same ni a Durban ba, mun tashi kwana biyu kafin ta iso. Ta bi ni Mombasa, ta bi ni Hamburg, a can wakilin kamfani ya miƙa mini ita ina ɗaure da jakata. A jirgin ƙasa na karanta.

Da na shiga kicin na ga ambulan biyu na ofishinku a bayan agogon bango, ba a buɗe ko ɗaya ba. Na ce, "Baba, mene ne wannan?" Ya ce, "Kai ka ce kada in taɓa kome. Na ajiye wa Theda." Na buɗe a gabansa. Ta farko ta ashirin da huɗu ga Oktoba ce. Ta ce laifin ɓata suna ba a hukunta shi sai wanda aka ɓata wa ya nema a rubuce da sa hannunsa, cikin wata uku daga ranar da ya san wanda ya yi. Ta ce a wurin 'yan sanda bai sa hannu ba, ya cike takardar da ke ciki ya mayar kafin ɗaya ga Nuwamba. Na tambaye shi, ya tuna: yana cikin ba da bayani aka zo aka ce tumaki sun fasa shinge sun hau titi, ya fita da gudu, ɗan sandan ya ce ba kome, za a neme shi. Ta biyu layi huɗu ce. Lokaci ya wuce, an rufe magana.

Na karanta masa duka biyun da bakina. Ya ce, "Wato ba kotu?" Na ce babu. Ya tashi ya fita wurin tumaki, bai ɗauki sanda ba.

Ni na san nawa laifin. Ni na ce kada ya taɓa kome, ni na ɗaure masa hannu daga wata duniya da minti huɗu na waya, don in samu in yi barci da daɗi a jirgi. Wannan zan ɗauka har kabarina. Amma ke fa? Kin san akwai lokaci, wasiƙarki ta nuna kin sani. Saura mako biyu. Daga ƙofar ofishinku zuwa ƙofar Baba rabin awa ne a bas, kuma wayarsa tana aiki. Sai kika zauna kika rubuta wa mutumin da ke tsakiyar teku. Zumunta a ƙafa take, Theda, ba ni zan koya miki ba.

Kada ki sake yi mini bayanin kantoci. Ki gaya mini abin da ya faru.

Onno

11 ga Disamba, 1994

Yaya Onno,

Ina gaishe ka da dawowa. Yaya Kawu? Inna tana lafiya, ba ta san kome ba tukuna, yau zan gaya mata.

Ka tambaya, zan faɗa, kuma ba zan rage ba. An rufe maganar, abin da zan faɗa kuma laifina ne, ba sirrin kowa ba.

Fayil ɗin ya sauko teburina ran ashirin da biyu ga Agusta, mako guda kafin in rubuta maka wasiƙar farko. A takardar ƙarshe Lauya Kröger ya rubuta abu biyu: a aika wa mai ƙara takardar sa hannu da gaggawa, a dawo masa da fayil bayan mako uku. Aikin minti goma ne. Na ga sunan Kawu, na rufe, na manna ƙaramar takarda na rubuta "dangina ne", na kai teburin Birgit. Na san sarai jibi za ta shiga asibiti a yi mata aikin baya, daga nan ta wuce jinyar mako shida. Na san kuma wa ke riƙe ɗakinta idan ba ta nan. Ni ce. Wata biyu ina shiga ɗakin nan kullum, na yi aikin kowane fayil nata ban da wannan. Yana kusurwar tebur, na ɗora masa tukunyar furenta don kada in riƙa ganin jan. Ban shigar masa da rana ba, don haka bai koma wurin Kröger ba, shi kuwa mai fayil ɗari uku bai yi cigiya ba. Birgit ta dawo ran ashirin ga Oktoba, ta gani, ta zagi iska, ta aika. Sauran ka sani.

Bayan wasiƙarka na hau wurin shugabarmu, Malama Oltmanns, na kai ƙarar kaina. Ta ce in faɗa mata dangantakar. Na faɗa, tana ƙirgawa da yatsu. Ta sauke tabarau ta ce, "Theda, da wannan lissafin rabin gundumar nan danginki ne. Wa ya ce miki wannan ya hana ki buga wasiƙa? Ko da ya hana, me ya sa ba ki kawo mini ba, in ba wani?" Na ce akwai rantsuwa. Ta tashi ta ja ni har baranda, ta nuna mini takardar bayani da muke ajiye wa jama'a a bakin ƙofa, kowa ya ɗauka kyauta. Maganar wata uku tana shafin farko. Ni nake cika kwandon nan duk Litinin. An rubuta mini gargaɗi. Kröger bai yi faɗa ba, ya ce kawai, "Da na kai Reemts kotu." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ga abin da ban gaya wa Oltmanns ba. Ba doka ce ta hana ni ba, fakewa na yi da ita. Onno, na yarda da takardar Reemts. Ban yarda duka ba, amma na yarda da abin da ya isa.

Ina da shekara tara aka kai ni hutu gidanku. Wata safiya na biyo Kawu ganuwa ba da saninsa ba. Wani kare ya yaga 'yan raguna biyu, yana kan na uku. Kawu ya kama shi, ya kashe shi da shebur. Na ga fuskarsa. Ban gaya wa kowa ba, washegari na ce ciki na ciwo aka mayar da ni gida. Da na karanta wasiƙarka ta farko, fuskar nan ce ta fara zuwa mini, kafin tausayi. Na ce a raina, idan aka shiga kotu aka tona, ta tabbata shi ne fa? A ganina gara maganar ta mutu shiru. Ban taɓa faɗa wa kaina haka da kalmomi ba, hannuna dai ya san abin da yake yi. A wurin baftisma ina zuba masa dankali ina kallon hannunsa. Da wasiƙarka ta Santos ta zo na tsorata, amma ban iya zuwa in kalle shi ba, shi ya sa na rubuta maka, don in samu abin da zan ce na yi.

Ban karanta fayil ɗin ba, ko shafi ɗaya bayan na umarni, har aka sauke shi ɗakin ajiya. Ban san abin da ke ciki ba. Ƙofa ɗaya ta rage, ita ma tana cikin waccan takardar ta bakin ƙofa: wanda aka yi wa laifi yana da ikon ɗaukar lauya ya nemi ganin fayil, ko an rufe. Ba za ta kai Reemts gaban alƙali ba. Ihu bayan hari ne, na sani, amma ku yi.

Ka karanta wa Kawu wannan duka, kada ka tsallake na kare. Idan ya yarda in zo, zan zo. Kunya ta ishe ni, Onno.

Theda

Ƙauye, 20 ga Janairu, 1995

Theda,

Muna lafiya gwargwado. Baba ya yi mura, ya warke. A gaida Inna, na gode da kiran da ta yi, ko da yake kuka ya fi magana yawa.

Na daɗe ban amsa ba don ban san da wane baki zan amsa ba. Na karanta masa kamar yadda kika ce, ban tsallake kome ba. Bai katse ni ba. Da na zo wurin kare ya ce, "Nawa ne. Ni na raine shi tun yana jariri. Kare in ya ɗanɗana jinin rago ba ya bari." Ya ce bai san kina wurin ba.

Tumakin sun tafi. Ran Asabar ɗin makon jiya wani makiyayi daga gabas ya zo da mota biyu ya kwashe su. Na yi ta roƙonsa ya bari zuwa bazara, ya ce ba zai sake hawa ganuwa mutane suna janye karnukansu idan sun hango shi ba. Ya tsaya har aka rufe motar ƙarshe, sannan ya shiga ya wanke bokitai kamar za a yi amfani da su gobe.

Mun ɗauki lauya kamar yadda kika ce. Jiya ta kira mu, ta ba mu kwafi. Fayil ɗin bai kai shafi talatin ba. A shafi na ashirin da uku akwai sakamakon likitan dabbobi na gwamnati, wanda 'yan sanda suka nema. Ba guba ba ce. Gansakuka ce, irin koren nan da ke rufe ruwan kwata lokacin zafi. Karnukan uku duk ruwan gindin ganuwa suka sha. Ba hannun mutum a ciki.

A kusurwar sama akwai tambarin karɓa na ofishinku, shida ga Satumba, kwana biyar kafin baftisma. A ƙarƙashinsa wanda ya karɓa ya sa haruffan sunansa da biro. Na san wannan T ɗin mai lanƙwasa, wasiƙa uku gare ni da ita. Ina jin kin duba lambar kawai, kika buga tambari, kika zura takardar ƙarƙashin tukunyar fure. Ban faɗi don in ƙara miki ba. Ni ma da na tsaya gida mako ɗaya, da na raka shi ya sa hannu.

Na ce wa Baba bari in buga kwafi ɗari biyu in zuba a kowane akwati kamar yadda Reemts ya yi, in manna a ƙofar coci da gidan burodi. Ya ce a'a. Ya ce alƙali ya nema, ba talla ba, kuma mutanen da suka shekara arba'in suna gaishe shi a hanya ba zai bi su gida gida da shaidar likita ba. Na yi fushi, na ɗaga murya, bai motsa ba. Lauyar ta ce za ta aika wa Reemts da shugaban ƙungiyar ƙwallo, wannan kam Baba bai hana ba, bai kuma tambayi abin da za su ce ba.

Na tambaye shi maganar zuwanki. Ya daɗe yana duban shafin sakamakon likitan, ya bi layukan da yatsa har ƙasa, ko da yake na riga na karanta masa sau biyu. Sannan ya ninke shi huɗu ya miƙo mini. Shi ne za ki gani a cikin ambulan ɗin nan. Ya ce, "Ba sai ta sha wahalar bas ba. Aika mata wannan, ka ce ta karanta. Ni na san ban yi ba. Ita ce ba ta sani ba."

Onno